Idan Ka Ga Kartar Mutum

Matameye, ran Talata da hantsi.

Zuwa ga autana Habibu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya sa ka shiga garin mutane da ƙafar dama, ya haɗa ka da waɗanda za su riƙe ka amana.

Ina rubutun nan kana tasha wajen kama wuri a motar gobe. Zan cusa ta cikin ninkin bargonka, don na san ba za ka warware shi ba sai ka isa. Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san shi duka. Magana ce da na kasa yi maka ido da ido. Shekara talatin da uku ina tsayawa gaban yara a lakwal, makarantar boko, ina surutu, amma a gabanka bakina ya ƙi buɗuwa, shi ya sa na koma ga alƙalami.

Ran kasuwar da ta wuce, da la'asar, kuna zaure kai da abokanka kuna wasan kartar nan da kuka koya a salula, wayar hannu, wanda kuke cewa foka. Ina bayan katanga ina tsinke zogale, komai a kunnena. Ban san dokar wasan ba, amma na fahimci abin da ya faru. Lawali ya tura ƙwallayen dabinonsa gaba ɗaya tsakiya. Ya zaci kowa ya gama magana, sai ya shimfiɗe kartarsa a fili, alhali kai ba ka ce komai ba tukuna. Sannan na ji ka ce, "Na bi!" ka tuntsire da dariya, ka kwashe tulin.

Lawali ya ce, "Haba Habibu, ai ka gani."

Ka ce, "Ni na ce ka buɗe? Doka ce, wanda ya buɗe ya buɗe."

Duk aka yi dariya, har da shi. Amma na san irin wannan dariyar, Auta. Bai tsaya shayi na uku ba, ya ce an aike shi. Tun ranar kuma ban ji sallamarsa a ƙofar gidan nan ba, ga shi gobe za ka tafi.

Mai yiwuwa doka tana bayanka, ban musa ba. Ban kuma rubuto don in hana ka karta ba. Inda za ka, ƙauye ne mai nisa, ba ka da kowa, kuma na san yini yana da tsawo ga baƙo. Idan ka tashi daga ɗakin magani, kartar nan ce za ta sama maka wurin zama cikin mutane. Ka dai tsaya ga ƙwallon dabino da tsakuwa. Ranar da aka fito da wani abu daga aljihu, ka tashi ka ba su wuri. Wannan ka riga ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne uwarka ta yi abin da ka yi wa Lawali, ta yi wanda ya fi shi muni.

Lokacin da nake makarantar horon malamai a Damagaram, ina da ƙawa, Rabi, 'yar Icirnawa. Gadonmu yana jere. Shekararmu ta farko zazzaɓi ya kwantar da ni sati biyu, ita take wanke mini kaya, ita take ɗumama mini kunu a ɓoye. Ran Lahadi bayan wanki mukan shimfiɗa tabarma mu huɗu mu yi wasan takwas, wanda duk wadda ta riga ƙarar da kartar hannunta ita ta ci. Rabi mutum ce mai gaggawa. Idan tana da karta mai kyau, jikinta har rawa yake. Sau da yawa takan jefa kafin layi ya zo kanta, sai ta ce, "Af, ba ni ba ce," ta ɗauke. Sauran biyun sukan kau da kai. Ni ban taɓa kau da kai ba.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Sai na koyi jawo ta. Ni nake zama gabanta a layi. In ɗaga hannu kamar zan ajiye karta, in bugi tabarma, amma ban saki ba. Ita kuma kafin ka ce me, ta jefa tata. Na ga abin da take riƙe da shi, sai in canza, in ajiye wadda za ta toshe ta. Shekara guda ina yi mata haka. Har aka sa mini suna a ɗakin kwana, wai ba a cin 'yar Matameye. Ina jin daɗin sunan ƙwarai.

Gab da babban hutu, wata ranar mutane sun taru suna kallo, wata ta tambaye ni asirina. Ni kuma kai ya kumbura. Na ce, "Ku zuba ido." Na bugi tabarma, Rabi ta jefa, ɗaki ya ɗauki shewa. Na sake yi a zagaye na gaba, ta sake jefawa. Har akwai mai faɗuwa ƙasa don dariya. Sai a sannan Rabi ta gane. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ta ce, "Tun yaushe kike yi mini haka?"

Na ce, "Ke ma dai, wasa ne fa."

Ta ce, "Na ji. Tun yaushe?"

Na ce tun farkon shekara. Ta gyaɗa kai, ta jera kartarta a kife da kyau, ta tashi ta tafi kwashe shanya. Ba ta yi faɗa da ni ba, ba ta daina gaishe ni ba. Da muka dawo hutu dai na tarar ta canza gado. Rabi tana nan da ranta a Icirnawa, ga shi nan kusa. Mukan haɗu a wajen suna ko ta'aziyya, mu gaisa, ta tambayi yara, in tambayi nata, shi ke nan. Fiye da shekara arba'in ke nan. Ban sake yin ƙawa kamarta ba, kuma yanzu da gidan nan ya yi mini faɗi, na san abin da na sayar, da abin da aka ba ni a madadinsa.

To ka ji, Auta. Idan mutum ya buɗe kartarsa kafin lokaci, ko ta faɗi, ko ya riƙe ta a karkace har idonka ya kai, ka faɗa masa nan take, tun kafin ka taɓa taka. Ka ce, "Na ga kartarka." Kada ka jira sai ka auna ko ganin zai amfane ka. Idan akwai wasu a wasan, su ma su ji, don kada ka san abin da ba su sani ba. Daga nan ku yanke tare: ko a cuɗa a sake rabawa, ko a ci gaba kowa ya san an gani. Idan shi ya ce a ci gaba, to ka yi wasanka da gaske, ba laifi a kanka. Kuma kada ka taɓa motsa hannu ko ka yi gyaran murya don ka sa wani ya buɗe. Wanda ya saki jiki a gabanka har ya yi gaggawa, don ya yarda da kai ne.

Laifina na biyu ya fi mini ciwo, kuma ka san rabinsa.

Ka tashi ka tarar ni da babanku muna karta bayan la'asar a gindin dogon-yaro. Tun ina amarya muke yi. Idan ya dawo daga allurar shanu a ƙauyuka, ya yi wanka, ya yi salla, sai ya tura ƙyauren gida ya ce, "Malama, kawo kayan faɗa." Mutanen unguwa sun yi gulmarsu har sun gaji. Babanku ba mai magana ba ne, ka sani. Amma idan karta tana hannunsa, bakinsa yakan buɗe. A kan tabarmar nan muka yanke shawarar tura babban yayanku karatu Yamai. A kanta ya gaya mini tsoron da ya ji ranar da aka haife ka, da aka ce sai an wuce da ni Damagaram. Duk wata magana mai nauyi ta gidan nan, yana kallon kartarsa ya yi ta, ba ya kallona. Kuma na fi shi iyawa nesa ba kusa ba. Ya san haka, yana jin haushi, yana kuma jin daɗi. Idan ya ci ni sau ɗaya, sai ya kwana uku yana ba ku labari.

Da rawar hannu ta kama shi, kana makarantar jinya a lokacin, karta ta fara zamewa daga yatsunsa. Ranar farko da ɗaya ta faɗi a buɗe, ya yi sauri ya dafe ta, ya ce, "Kin gani?"

Na gani sarai. Bakwai ce, jar zuciya. Amma na tuna Rabi, na kuma ga yadda yake kallon hannunsa kamar ba nasa ba. Sai na ce, "Ban gani ba, Malam, ina korar kaza."

Daga ranar na shiga wata sabuwar sata. Karta ta faɗi, in kau da kai bayan na riga na gani, sannan in ajiye daidai abin da zai buɗe masa hanya. Ya dinga ci. Da farko yana murna, yana cewa tsufa ya zo masa da sa'a. Ni kuma ina ganin na yi abin kirki, ina biyan abin da na yi a ƙuruciya. Kusan wata uku muna haka.

Wata la'asar ya rage masa karta biyu. Ɗaya ta faɗi, bai ɗauke ba. Ya bar ta a buɗe a kan tabarma, ni kuma na ƙura wa randa ido kamar yau na fara ganinta. Ya daɗe kafin ya ɗauka. Ina da takwas a hannu, wadda da ita zan juya wasan in toshe shi, ya kuma san ina da ita, don shi ya ƙirga waɗanda suka fita. Na ƙi ajiye ta. Na ajiye wadda za ta ba shi hanya. Bai jefa tasa ba. Ya tattara kartar duka a hankali, hannu yana rawa, ya ɗaure da roba.

Ya ce, "Da gangan na yar da ita."



Ya ce, "Shekara talatin ban taɓa cin ki sau uku a jere ba. Yau kwana tara a jere ina ci. Kin ɗauka har kaina ya fara rawa?"

Na ce, "Malam, don ka ji daɗi na yi."

Ya ce, "Likita yana lallaɓa ni. Yara suna lallaɓa ni. A masallaci an daina yi mini gardama, ko na faɗi shirme sai a ce haka ne. Na zaci ke kaɗai kika rage da kike faɗa da ni da gaske."

Bai sake karta ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, kuma na san ya yafe. Na je wajen kafinta na sa aka yanka mini ɗan katako mai tsaga, yadda zai jera kartarsa a ciki ba sai ya riƙe ba. Abin da ya kamata in yi tun ranar farko ke nan. Na kawo masa, ya juya shi, ya yaba aikin, ya ce, "Ajiye, Malama, sai wani lokaci." Wata bakwai ya yi bayan nan. Kullum bayan la'asar muna zaune a gindin bishiyar, rediyo yana magana, mu ba ma yi. Na san akwai abubuwan da yake so ya faɗa mini kafin ya tafi, ina ganinsu a fuskarsa, amma na rufe ƙofar da yake fitar da su. Kun zaci ciwo ne ya hana shi wasa. Ni ce.

Don haka kada ka ce tunda Inna ta hana ni cin moriyar abin da na gani, bari in yi kamar ban gani ba in bar mutum ya ci. Wannan ma ha'inci ne, kuma ya fi na farko cin mutunci. Idan ka cuci mutum, ka ɗauke shi abokin karawa. Idan ka bar masa a ɓoye, ka riga ka cire shi daga cikin mutane. Abin da ka gani ba zai fita daga kanka ba, duk yadda ka so. Hanya ɗaya ce, ka faɗa. Aikinka zai sa ka zauna da tsofaffi da marasa ƙarfi da yawa. Idan hannun dattijo ba ya riƙe karta, nema masa abin jerawa, gyara masa zama, sannan ka ci shi idan ka iya. Zai fi son haka.

Yanzu saura na uku. Na tashi na sha ruwa na dawo sau biyu kafin in iya fara shi.

Bara, da kuka gama makaranta, muna cin tuwo da rana, wata biyar ke nan da rasuwar babanku. Kana ba ni labarin wani abokinka, sai bakinka ya suɓuce ka ce, "Shi ma can gabas ya nema, kamar ni." Ka tsaya da loma a hannu. Na ga fuskarka ta canza. Ka ce, "Inna, ba yanzu na so ki ji ba. Na dai ajiye dosiye, takardun neman aikin, ban san ko za su ba ni ba. Na so sai abin ya tabbata in zauna da ke mu yi magana."

Na ce maka, "Allah ya zaɓa mafi alheri." Na ƙara maka miya.

Kwana biyu bayan nan na ce maka zan je Damagaram duba ido. Ba idon da na duba. Wajen wani tsohon ɗalibina na je, wanda na koya wa karatu yana ɗan shekara bakwai, yanzu yana da kujera a inda ake jin maganarsa. Na zauna a gabansa na yi kuka. Na ce ni gwauruwa ce, yayarka tana aure a Maraɗi, babban yayanku yana Yamai, kai kaɗai ka rage mini. Ya ji kunyata. Shi ya sa aka ajiye ka a Kance, inda kake zuwa da safe ka dawo da yamma.

Kai kuma ka ɗauka an duba dosiyenka an ga ba ka isa ba. Abokanka biyu da ka fi su maki aka tura, aka bar ka. Ina kallonka shekara guda kana ramewa, ka daina ba ni labarin aiki, kana cewa wataƙila kai ba a yi ka don wannan sana'a ba. Kullum ina dafa maka abin da kake so, ina ce maka haƙuri. Kana gidan, Auta, amma ban samu ɗan da na riƙe ba. Ka san dalilin da ya sa ka nemi can, ka taɓa gaya mini mace takan yi yini a kan amalanke kafin ta kai inda za a duba ta. Na san wannan lokacin da na hau motar Damagaram, na kuma hau.

Bana da ka sake nema, ka ɓoye mini har takarda ta fito. Na lura, tun ranar da ka je wankin hoto na gane. Ban je ko'ina ba. Ba na faɗa don ka yaba mini. Ina so ka sani dai ba a taɓa raina aikinka ba. Tun bara sunanka yana cikin waɗanda za a tura. Uwarka ce ta ji abin da ba ka shirya faɗa ba, ta yi maka murmushi, ta zagaya ta baya.

Da a ranar na ce maka, "Na ji, kuma ba na so, ina tsoron zama ni kaɗai," da mun yi gardama, wataƙila ka yi fushi, wataƙila ka ɗaga tafiyar da kanka, wataƙila ka tafi. Ko wanne ne, da kai ka zaɓa. Shekarar nan taka ce na ɗauka, ba ni da yadda zan mayar maka.

Inda za ka, mutane za su riƙa suɓutar baki a gabanka fiye da yadda kake zato. Mai zazzaɓi yana faɗin abin da bai yi niyya ba. Mai jinya da ya gaji yakan faɗi sirrin gidansu. Abokin aikinka zai ambaci shirinsa kafin ya nuna. Kada ka ajiye irin wannan a aljihu don wata rana. Kada kuma ka yi kamar kurma alhali abin ya shafe ka. Ka ce wa mutum, kai da shi kawai, "Na ji abin da ka ce. Ya kake so in yi da shi?"

Ka kira Lawali idan ka samu wurin da salula take kamawa. Ba dogon bayani, ka ce ka gani kafin ka bi, kuma ba ka kyauta ba. Zai ce ba komai, wasa ne. Ka sake faɗa duk da haka. Sati ɗaya yana gyaruwa, kada ka bari ya zama shekaru.

Ni kuma ban ce ka yafe mini yau ba. Idan ka ji haushi, ka ji, kana da gaskiya. Abu ɗaya nake roƙo. Idan ka kira ni, kada ka tsaya ga ina kwana da ya jiki, ka yi kamar ba ka karanta ba don kana tausayin tsohuwa. Ka faɗa mini abin da ke ranka, ko da zai yi zafi. Zan iya ɗauka.

Kada ka damu da ni. Hatsi yana rumbu, ƙafar da sauƙi, maƙwabta suna leƙowa. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka tafasa ruwa kafin ka sha har cikinka ya saba. Ka gaishe da mai gari da liman tun ranar da ka sauka. Allah ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa, ya kare ka daga abin da kake gani da wanda ba ka gani, ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Allah ya jiƙan babanku, ya haskaka makwancinsa. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mini da kai lafiya a lokacin da ya ga dama.

Idan ka buga waya ka ji ba a ɗauka ba, kada ka kashe da wuri. Bar ta ta yi ta ƙara. Ina nan, ba inda nake zuwa, tashin ne yake ɗaukar mini lokaci yanzu.

Wassalam.

Ni ce,
Innarka.